Ƙananan kwalaben Yaya Salame

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Salame makwancinta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan sa a dafa shinkafa a kai masallacin layinmu, a yi mata addu'a, in koma shagona na kayan babur a Amutibe in ci gaba da ciniki. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Bana ne 'yarta Habiba ta matsa mini, wai tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya da uwarta, in zauna in rubuta abin da na sani don mutane su karanta. Na ce mata to. Ba ta san abin da ta roƙa ba. Akwai maganar da na faɗa a gabanta tana 'yar shekara goma, ta girma a kanta, ta zaɓi karatunta a kanta, kuma maganar ƙarya ce. Ita ta zaunar da ni wannan rubutu, ba sha'awar ganin sunana a jarida ba.

Bari in fara da wace ce ita, don yaran Zongo na yanzu ba su san ta ba, waɗanda suka san ta kuma da wani suna suka san ta. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta. Mahaifinmu fataucin goro yake yi tun a tsohon Zongo, kafin a tashe su a kawo su nan bayan gari. Ya sa ta lakol, wato makarantar boko, ne don ta riƙa karanta masa takardun kwastan, iyakar burinsa ke nan. Ita kuwa da ta kama ba ta saki ba, sai da ta zama dakta, ta samu aiki a wata cibiyar bincike can wajen Totsi. Ranar da labarin ya iso unguwa, mata suka yi layi a ƙofarmu da yara masu zazzaɓi. Ta yi ta ba su haƙuri tana cewa ita ba likitar asibiti ba ce. Wata tsohuwa ta tambaye ta, to likitar mece ce? Ta ce ta yis. Yis ɗin da ake sa wa burodi da fanke? Ta ce e, shi. Tsohuwar ta goya jikanta ta ce Allah ya sauwaƙe, duk wannan karatu. Ni ma na yi dariya ranar, kuma na fi kowa ƙarfin dariya.

Sai da ta zo shagona wata rana, ta zauna a kan tayar babur, ta yi mini bayani irin wanda ake yi wa mai taurin kai. Ta ce yis abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, ido ba ya ganin guda ɗaya. Abincinsa zaƙi, kuma idan ya ci sai ya fitar da iska da wani ruwa mai kama wuta. Iskar ce take kumbura fanke. Ruwan kuwa, in an tace shi, ana girki da shi ba hayaƙi, ana kuma gauraya shi da fetur a zuba wa babur. Ta nuna mini 'yan zemijan, masu haya da babur, da suka tsaya sayen fetur na kwalba a bakin titi, ta ce tulin ɓawon rogon da masu yin gari suke zubarwa a ƙauyuka, da ruwan da suke matsewa ya kwanta yana wari, duk mai ne a zube, wanda zai fitar da shi ake nema.

Matsalar, in ji ta, yis ɗin da ake sayowa daga waje ɗan gata ne, da sanyi ya saba. Zafinmu ya fi ƙarfinsa, ɗacin rogo yana kashe shi, ruwan da shi kansa ya fitar ma idan ya yi ƙarfi sai ya kashe shi tun bai gama aiki ba. A ƙasashen da suke da hali sanyaya masa tanki ake yi, mu kuwa da wace wutar? Don haka ta nemi namu na gida. Ta ɗebo daga ƙullun masar wata tsohuwa a bayan tasha, da ƙullun koko, da mangwaron da ya faɗi ya ruɓe. Ta zuba su a kwalabe da ruwan rogo. Duk kwana biyu sai ta ɗebi ɗigo daga waɗanda suka rayu ta sa a sabuwar kwalba, ta ƙara zafi kaɗan, ta ƙara ɗaci kaɗan. Yawanci su mutu. 'Yan kaɗan da suka jure su hayayyafa, ta sake tsananta musu. Duk kwana biyu, ba Sallah ba Juma'a, shekara tara. Duk lokacin da wani zubi ya fi na baya juriya, sai ta ɗebi irinsa ta sa a wasu ƙananan kwalabe na roba, ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ta rubuta lamba, ta daskarar a firiza. A daskare barci yake yi, ana tayar da shi duk ranar da aka so.

Na saurare ta har ƙarshe, na ce, Yaya, ke dai kin samu aikin azabtar da bayin Allah. Ta ce ai daga wajena ta koya, ta ga yadda nake yi wa masu saye.

Duk wannan a wurin aikinta yake, ba ruwan unguwa da shi, har Allah ya yi wa mijinta rasuwa. Takaba ta hau kanta, wata huɗu da kwana goma ba fita. Yis kuwa bai san takaba ba. Ta ƙi karya takabar, ta kuma ƙi yanke aikin, sai ta aika wa abokiyar aikinta Madam Afiwa, wata 'yar ƙabilar Ewe mai yawan shiru, ta kwaso mata kayan a tasi: kwalabe, da tukunyar da take dafa su a ciki don kashe ƙazanta, da madubin duba ƙananan halittu, da littattafanta. Ta sayi firiza da kuɗinta. Ta jibge komai a ɗakin baya, wanda kwano ne ba silin, da tsakar rana in ka shiga sai ka ji kamar an rufe ka a murhun burodi. Ashe abin da take nema ke nan. Ta ce ɗakin yana yi mata kyauta abin da na'ura take yi mata da wuta, kuma zafinsa na gaske ne, irin wanda yis ɗin zai tarar a ƙauye. Da ta fita takaba ba ta mayar da kayan ba.

To, ku da kuka san Zongo ku haɗa da kanku. Mace mai takaba, ƙofa a rufe. Wata Kirista tana shiga tana fita da kwalabe. Ga wani wari mai tsami-tsami yana fitowa ta bayan katanga idan rana ta take, warin da duk wanda ya taɓa wucewa ta wurin masu dafa barasar sodabi ya san shi, ko da bai taɓa kai wa bakinsa ba. Kafin a yi arba'in ɗin mijinta an raɗa mata suna. Ba wanda ya taɓa faɗa a gabanta, haba, ai a gabanta Dakta ce, a durƙusa a gaishe ta. Ni ake faɗa wa. A majalisa bayan la'asar wani zai ce, Ɗanjuma, yaya kasuwar gidanku, sauran su sunkuyar da kai suna murmushi. Wani ɗan zemijan ya zo sayen fulogi ya ce mini in an tace a ajiye masa kwalba ɗaya. Na kusa fasa masa baki da sufana. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma na fi jin zafin dariyar mutane fiye da duka.

Da wannan fushin na je wurinta. Na zazzage mata abin da ake faɗa, sai ta ɗauko wani ɗan murhu da ta sa maƙeri ya yi mata da gwangwanin madara, ta zuba ruwan nan fari tas, ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙara. Ta ɗora butar shayi. Muna zaune muna kallo har ya tafasa, gindin butar ko baƙi bai yi ba. Na ce, "Yaya, tambaya ɗaya. In an sha yana bugarwa?"

Ta ce, "Yana bugarwa, Auta. Fetur ma in an sha yana kashewa. Wa ya ce ka sha?"

Ta ƙara da cewa duk wanda ta tace sai ta zuba masa wani abu mai ɗaci da ba ya shayuwa, kuma ta tambayi waɗanda suka fi mu sani kafin ta fara. Na sha shayin, ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da na ajiye kofi cewa na yi ta tausaya wa sunan gidanmu ta kwashe kayan nan. Ta ce sunan gidanmu ba a hancin mutane yake ba. Na tashi ko sallama ban yi mata ba.

Shekara uku aka yi a haka. Wata rana ta kira ni tana murna kamar yarinya, ta ce ta samu wanda take nema. Wani zubi ya cinye zaƙin ruwan rogo tas a zafin ɗakin nan, ba sanyayawa, bai mutu ba. Ta raɗa masa Ɗan Zongo, wai don ya sha zafi, ya sha ɗaci, ya sha yunwa, yana nan da ransa. Saura Madam Afiwa ta dawo daga wani kwas da ta tafi a ƙasar waje, su gwada shi a babban tanki a ƙauyen masu gari. Ban taya ta murna yadda ya kamata ba. Na ce Allah ya sa alheri, na koma kan maganar da ta kai ni.

Ciwonta kwana biyar ne. A rana ta huɗu, bayan azahar, ta kori matan da ke ɗakin asibitin ta riƙe hannuna. Ta ce, "Auta, manyan kwalaben in sun lalace ba komai. Ƙananan da ke firiza su ne aikin. Ba barasa a cikinsu ko ɗigo, iri ne kawai. Ka riƙe su har Afiwa ta dawo." Na ce to, Yaya. Ta ce in maimaita. Na maimaita kamar ɗan makaranta. Ba ta yi mini wasiyya a kan gida ba, ba ta yi a kan Habiba ba, ta san ba sai ta ce ba. A kan wannan kaɗai ta yi.

Lokacin bazara ne. Tun ranar da ta kwanta ba wanda ya buɗe ɗakin baya, manyan kwalaben suna ciki suna ta aikinsu a zafi, wasu har sun tunkuɗe murfi. Tsakar gida cike da masu zaman makoki a kan tabarmi, 'yan uwa daga Ghana, daga Nijar, daga arewa, sai warin ya riƙa saukowa a kansu. Ina ganin mata suna jan mayafi suna rufe hanci suna haɗa ido. Wata daga dangin mijinta ta tambaya da ƙarfi, a gaban kowa, wai ashe maganar da ake yi gaskiya ce? Na tsaya a bakin zaure ina karɓar gaisuwa, amma wallahi ba gaisuwar nake ji ba. Lambar Madam Afiwa tana cikin wayata. Ban kira ba. Abin da na hango shi ne a ce ta aiko mutanenta su fito da kwalabe daga gidan makoki, a idon Zongo.

Washegarin addu'ar bakwai aka zauna rabon gado, tun baƙi ba su gama watsewa ba. Malam Idi, limamin layinmu, shi ya zo da alƙalaminsa. Magada biyu ne, Habiba da ni, ƙanen mahaifin Habiba yana tsaye a madadinta. Aka bi ɗaki ɗaki, har aka zo na baya. Na buɗe. Malam ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna manyan kwalaben ya yi mini tambayar da na yi wa Yaya, ko in an sha yana bugarwa. Na ce yana bugarwa. Ban faɗi ragowar amsarta ba. Ya ce to wannan ba ya shiga gado, a zubar.

Sannan ya ɗaga murfin firizar. Ga su jere a cikin akwatuna, kowace da lambarta da rubutun Yaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta a hannunsa. Ina son masu karatu su ji wannan da kyau, don shekara da shekaru na bar mutane suna cewa malamai ne suka zubar da aikinta. Malam Idi cewa ya yi, "Waɗannan fa? In magani ne, ko kayan wurin aikinta, a mayar wa masu shi."

Mutane sun cika ƙofa a bayana. Na ce, "Duk abu ɗaya ne, Malam."

Ya sake dubana ya ce na tabbata? Na ce na tabbata.

Ban aiki kowa ba. Da hannuna na zare wayar firizar daga bango. Na tafasa ruwa a babbar tukunya, na zuba jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, wai ana wanke najasa. Manyan kwalaben na juye su a kwata. Ƙananan kuwa ɗaya bayan ɗaya na riƙa buɗewa ina jefawa a tukunyar, sun fi ɗari biyu, tun bayan azahar har aka kira la'asar. Ɗan Zongo yana cikinsu, ban ma san wace ce tasa ba. Da na fito alwala dattawa suka riƙa cewa madalla, yaro ya wanke gidan ubansa. Kuma na ji daɗi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ba zubarwar ba, daɗin da na ji. A rabon, firizar ta faɗo cikin kasona.

Bayan mako biyu Madam Afiwa ta sauka daga zemijan a ƙofar gida, ta yafa gyale a kanta don girmama mu, tana rungume da akwatin ƙanƙara. Ta yi gaisuwa, ta yi kuka, sannan ta ce ta zo ɗaukar ajiyar. Habiba tana tsaye kusa da ni tana riƙe da gefen rigata. Na ce an ɗauke wuta kwana huɗu muna cikin makoki, ba wanda ya lura, komai ya narke ya lalace. Ta ce ba komai, ko sun narke in ba ta, wannan iri ba ya mutuwa da sauƙi, za a iya tayar da shi. Ashe ko ƙaryar da na shirya ba ta isa ta kashe shi ba. Na ce ai masu kwasar shara sun riga sun tafi da su. Ta dube ni, ta dubi yarinyar. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta roƙi littattafan, na ba ta, ta juye ƙanƙarar a gindin dalbejiya ta tafi da akwatinta fayau. Daga baya na ji sun shekara biyu suna bin littattafan layi layi, ba su sake samun irinsa ba. Tsohuwar mai masa ta rasu, an fasa tukunyar ƙullunta, kuma wai ko da iri ɗaya aka fara, ba lalle hanya ta sake kai ka inda ta kai ka da farko ba.

Yanzu in dawo yau. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga Zongon nan. Lokacin korona aka ajiye kwalbar ruwan tsabtace hannu a ƙofar masallacinmu, kowa sai ya matsa a hannu kafin ya shiga. Ranar farko da na matsa na kai hanci, sai ga ni a ɗakin baya. Shi ne, ba wani ba. Na juya kwalbar na karanta, daga ƙetare aka kawo. Ga 'yan majalisar nan, waɗanda suka ce yaya kasuwar gidanku, suna murza shi har gwiwar hannu suna shiga sahun gaba. Malam Idi, ya tsufa sosai lokacin, ya yi bayani bayan salla cewa ba laifi, tunda ba don sha aka yi shi ba. Na bi shi har zaurensa na faɗa masa abin da ke cikin ƙananan kwalaben. Ina fatan ya ce kuskure ne na mu biyu. Ya ce, "Ɗanjuma, ai sau biyu na tambaye ka." Sannan ya ce abin da na tafasa amana ce, kuma aikin uwar marainiya ne, ba shi da abin da zai ce mini sai in je in faɗa wa mai haƙƙi. Shekara biyar ke nan da wannan magana. Malam ya rasu bara ban faɗa ba.

Gawayi ya yi tsada, matanmu suna nan suna hura shi, idanu jajaye, tari ba ya ƙarewa. Wajen Adakpame kusa da tashar jirgin ruwa na ga ana sayar da wasu ƙananan murhu masu shuɗiyar wuta, da man su a jarka, duk daga waje. Hajiyoyin Zongo suna saye suna yabawa, wai ba ya ɓata tukunya. Na san Yaya, ba za ta yi fushi ba. Za ta sayi ɗaya ta kifa shi ta duba ƙasansa, ta tambayi mai shagon da wane yis aka yi man, shi kuma ya zuba mata ido. Ni ne mai ɗacin rai, ba ita ba. Ina jin haushin unguwar da ta iya durƙusa wa mutum a gabansa ta ci namansa a bayansa, wadda ba ta yarda da abin ɗanta sai ya zo a jirgi da rubutun wasu a jiki. Amma duk lokacin da na fara zagin Zongo sai in tuna Zongo surutu kawai ta yi. Ba ta san bambancin babbar kwalba da ƙarama ba. Ni na sani, an sa ni na maimaita.

Sunan da na ce zan wanke fa? Har gobe in baƙo ya hau zemijan yana neman layinmu, ce masa ake yi ya sauka gidan mai sodabi. Yaran da ke faɗa ba su san wace ce ba, sun ɗauka sunan wuri ne. Abin da na saya da shekara tara na Yaya ke nan, madallar dattawa ta yini ɗaya.

In za a auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa. Littattafanta suna wurin Madam Afiwa, wadda ta yi ritaya, duk shekara takan aiko wa Habiba gaisuwa, ni kuwa ba ta taɓa aiko mini ba, kuma ba ta taɓa tona ni ba. Murhun gwangwanin yana cikin durowar shagona. Firizar tana gidana, matata tana daskarar da zoɓo da ruwan leda a ciki tana sayarwa, ko sau ɗaya ba ta taɓa lalacewa ba. Sai Habiba, wadda ta ɗauko tafiyar uwarta da taurin kanta. A hannuna ta girma. Da ta gama sakandare malamanta suka so ta bi layin uwarta, ta ce a'a, me amfanin ka shekara tara kana aiki wuta ta ɗauke ta kashe shi a kwana huɗu? Ita wutar za ta gyara tukuna. Ta karanci aikin lantarki na hasken rana. Aikinta na farko da hannunta, ta hau rufin gidana ta kafa faifai biyu, ta sa batir, ta ja waya har inda ake jona firizar. Da ta sauko tana share gumi ta ce, "Kawu, abin da ya samu aikin Mama ba zai sake faruwa a gidan nan ba." Na ce Allah ya yi albarka. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Habiba, ke kika ce in rubuta, ga shi na rubuta. Na kasa faɗa miki baki da baki, don ni matsoraci ne a gaban idon mutane, kuma idonki na uwarki ne. Tunda don mutane na yi abin da na yi, gara su ma su ji. Ranar akwai wuta. Fanka tana juyawa a kan Malam Idi lokacin da yake tambayata, firizar tana ƙugi, ƙananan kwalaben suna daskare lafiya lau, ba abin da ya same su sai ni. Uwarki ba ta yi sakaci ba, ta ba da ajiya ga wanda ta fi yarda da shi. Ba na roƙon ki yafe yau, ban ma san ko ana yafe irin wannan ba. Allah ya jiƙan Yaya Salame, ya sa aikin da ba a ci moriyarsa ba ya zame mata haske.

Ranar Asabar za ki zo duba batir kamar yadda kika saba. Ki ja firizar daga bango. A gefen da na juya wa katanga shekara goma sha ɗaya akwai takarda manne da rubutun uwarki, da Hausa da Faransanci, ta ce kada a kashe. Ba zan fita shago ba ranar, ina zaure ina jiranki.